Haɗa kwamfuta karon farko: NVMe ɗaya, ko ƙaramin SSD da HDD?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kayan haɗa kwamfutata sun kusa cika: furosesa Ryzen 5 5600, madabod (babban allon kwamfuta) B550 mai gurbin M.2 (inda ake zura siririn SSD) biyu, RAM 16GB da katin girafik. Ma'ajiya ce kawai ta rage. Tace bidiyo zan riƙa yi da ita, sai wasannin kwamfuta jefi-jefi. Kuɗin da ke hannuna ɗaya zai saya cikin biyu: ko NVMe (SSD mai sauri da ake zurawa a gurbin M.2) 1TB shi kaɗai, ko SSD (ma'ajiyar da ba ta juyi) 256GB na SATA (mai jonawa da waya) haɗe da HDD (faifai mai juyi) 2TB. Wanne ya fi? In kuma na sayo, da me zan fara?

Mai_Sukudireba

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɗauki NVMe 1TB. HDD mai juyi 7,200 a minti bai cika wuce 200MB a daƙiƙa ba, SSD na SATA yana tsayawa wajen 550MB, NVMe na Gen3 (ƙarni na uku na PCIe, hanyar da yake bi) yana kai 3,500MB, masu kyau na Gen4 kuma har 7,000MB. Amma ba gudun ne babban dalilina ba. 256GB ɗin nan ba zai ɗauke ka ko'ina ba: Windows, manhajar tace bidiyo da tarkacen da take tarawa, wasa ɗaya ko biyu, ya cika. Daga nan aikinka ya koma kan HDD, wato ka sayi SSD amma da tafiyar HDD kake aiki.

Wajen saye ka duba abu uku. Girmansa ya zama 2280, wato faɗin milimita 22, tsawon 80. Kwalin ya ce NVMe ko PCIe, domin akwai M.2 na SATA, kamanninsu ɗaya, yawanci tsaga biyu gare shi a baki, kuma ba kowane gurbi ke karanta shi ba. Na uku, irin ƙwaƙwalwar da ke cikinsa: ka nemi TLC, ka bar QLC. Idan ana kwafe manyan fayiloli, QLC yana farawa da gudu, da ɗan wurin da ya ware na saurin rubutu ya cika sai ya faɗo, wani lokaci har ya koma tafiyar HDD. Ka duba kuma TBW, wato yawan rubutun da garanti ya ɗauka: WD Black SN770 na 1TB yana da 600, Crucial P3 na 1TB 220. Mai tace bidiyo na farkon ya fi dacewa da shi.

Kada ka biya kuɗin Gen5, B550 a Gen4 ya tsaya. In ka ga Windows ya nuna 931GB, ba a cuce ka ba. Masu ƙerawa da 1,000 suke lissafi, Windows da 1,024.

Hajiya_Teknik

Na goyi bayan Malam. Ga yadda za ka ɗaura shi.

Gurbin sama, na kusa da furosesa, shi za ka yi amfani da shi. A B550 shi ne ke haɗe kai tsaye da furosesa a Gen4, na ƙasa ta chipset (mai kula da sauran gurabun madabod) yake bi, Gen3 yake bayarwa. Da 5600G ka saya, ko na saman ma Gen3 za ka samu, amma 5600 ɗinka ba shi da wannan matsala.

Ka ɗaura shi tun madabod yana kan kwalinsa, kafin katin girafik ya tare maka wurin. Akwai ɗan ƙarfen da wutsiyar SSD ke zama a kai, ka tabbatar yana ramin da aka rubuta 80 ko 2280. Ka zura shi a karkace, kamar digiri 30, har haƙoran zinaren su shige, ka kwantar da shi a hankali, ka ɗaure da ɗan mitsitsin notin da ke cikin ledar madabod. Idan babu ƙarfen nan aka ɗaure shi kai tsaye da allon, lanƙwashewa yake yi. In madabod ya zo da ƙarfen sanyaya, ka ɓare ledar da ke manne a cikinsa kafin ka kifa. Mutane da yawa suna mantawa, ledar ta hana zafi fita. Galibin waɗannan SSD iyakarsu digiri 70, in sun zarce da kansu suke rage gudu, kuma ka san yadda ɗaki ke zama a watan Afrilu.

Sai BIOS, shafin saitin madabod da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta. Ka ga ya nuna sunan SSD ɗin, ka kashe CSM (tsohon salon tashi), ka kunna fTPM (tsaron TPM da ke cikin furosesa), Windows 11 yana buƙatar UEFI (sabon salon tashi) da TPM 2.0. Ka haɗa filash ɗin ɗora Windows, na 8GB ko fiye, da manhajar Media Creation Tool ko Rufus. In an zo zaɓen inda za a ɗora, danna Unallocated Space ka wuce, shi zai yanka kasonsa da kansa a GPT, sabon tsarin raba faifai.

Abin da ya fi duk waɗannan: lokacin ɗora Windows, faifai ɗaya tak ya kasance a jone. In akwai na biyu, yakan ajiye fayilolin tashi a can, Windows ɗin kuma a nan. Ranar da ka cire na biyun ko ya mutu, kwamfuta ta ƙi tashi alhali SSD lafiyarsa lau.

Sabon_Hannu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu: in raba faifan kashi biyu, C da D? Sannan an nuna mini wani 1TB na hannu, kusan rabin kuɗin sabo.

Mai_Sukudireba

Rabawa ba ta ƙara gudu a SSD. Amfaninta ɗaya, in za ka sake ɗora Windows ba sai ka taɓa D ba. In ka yi, ba C aƙalla 250GB. Amma kada ka ɗauka kariya ce, in faifan ya mutu tare suke tafiya.

Na hannu kuwa, kada ka biya sai an jona shi a gabanka. Buɗe CrystalDiskInfo, ka duba kason lafiyarsa, awannin da ya yi a kunne da jimillar abin da aka rubuta masa, sannan lambar da manhajar ta nuna ta dace da ta jikin sitika. Akwai kuma na jabu, 128GB ne aka yi wa dabara yake nuna 1TB: yana karɓar fayil ba musu, da ya wuce ainihin girmansa sai abin da ka ajiye ya lalace. H2testw ne ke tona wannan, yana cika faifan da rubutu sannan ya karanta, don haka yana cin lokaci. In mai shago bai yarda da gwaji ba, bar masa kayansa. A ganina faifan da Windows zai zauna a kai sabo ya kamata, mai garanti.

Baba_Lantarki

Ni dai ina ganin kun yi saurin sallamar HDD. Bidiyo yana cin wuri, 1TB ba zai daɗe ba, kuma SSD ana so a bar masa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari fanko. Fara da NVMe, na yarda, amma da kuɗi sun shigo ka ƙaro HDD 2TB ko 4TB don ayyukan da ka gama. Salon rubutun HDD iri biyu ne, CMR da SMR: ka nemi CMR. Masu SMR layukan rubutunsu hawa juna suke yi, shi ya sa suke rarrafe in kwafi ya yi tsawo. Lambar faifan za ka bincika, kwali bai cika faɗa ba: Seagate BarraCuda ST2000DM008, alal misali, SMR ne.

Waya biyu yake buƙata, siririyar SATA zuwa madabod da mai faɗin daga fawa sufulai. Duba littafin madabod tukuna, wasu in an cika gurbin M.2 na biyu suna kashe ramukan SATA ɗaya ko biyu. Ka ɗaure shi da noti huɗu, jijjiga tana cutar da shi. In ka kunna ba ka gan shi a This PC ba, kada ka tsorata: buɗe Disk Management, ka zaɓi GPT, domin tsohon tsarin, MBR, ba ya wuce 2TB, sai New Simple Volume da NTFS.

Kuma yaro, ka sa UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, cikin lissafi. Ɗauke wuta ana tsakar rubutu yana ɓata fayil, a SSD har taswirar da yake gane inda komai yake tana iya rikicewa. UPS da zai riƙe ka minti biyar ka kashe ta yadda ya kamata ya wadatar, sai dai ka duba wat ɗinsa ya ɗauki kwamfutar da allonta tare.

Hajiya_Teknik

Ƙari kan maganar Baba: Windows 11 na 24H2 yakan kulle faifai da BitLocker in ka shiga da asusun Microsoft. Mabuɗin lamba 48 ne, yana cikin asusun naka. Kwafe shi a takarda tun ranar farko, domin sabunta BIOS ko taɓa fTPM na iya sa ya nemi lambar kafin ya buɗe.