Me za mu kira "rauta" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "mararrabi"

Salamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, amma bari in fara da abin da ya sa ni nemanta.

Ina da shagon buga takardu da cike fom a nan Kano, muna biyan kuɗin intanet na megabit 200 a daƙiƙa. Babbar kwamfutar aiki da kebul aka jona ta. Duk gwajin gudu da muka yi mata, 94 take tsayawa, wani lokaci 93, ko sau ɗaya ba ta haura 95 ba. Wayar yaron shago kuwa, da ke kama Wi-Fi, tana ba da 150 da ɗoriya. Abin ya ɗaure min kai, domin a sanina kebul ya fi iska tabbas.

Sau uku ina kiran kamfanin ina cewa "netwok ba kyau", suna cewa daga wajensu lafiya lau. Kowa da gaskiyarsa. Kalma ɗaya ce a bakina ga abubuwa huɗu: layin da ya taho daga titi, ƙaramin akwatin da layin ya shiga, ɗaya akwatin mai ƙahoni (shi ne ake kira rauta), da kebul ɗin da ya bi bango zuwa tebur. Duk sunansu netwok.

Sai na ɗauko wani matashi mai gyara daga titin Beirut. Da jin lambar ya ce, "Alhaji, 94 ɗin nan ita ta tona asiri. Tunda waya ta samu 150, layin kamfani kalau yake, rauta ma tana karɓa. Matsalar tsakanin rauta da kwamfuta take."

Ya buɗe saitin kwamfutar, ga gudun kebul ɗin a rubuce 100/100 inda ya kamata a ga 1000/1000. Ya ciro ɗan gwajinsa mai fitilu takwas, ya soka kan kebul ɗin nan da can. Fitilun suka riƙa kamawa bi da bi, ta bakwai ta ƙi. Ashe kebul ɗin silin waya takwas ne a ciki, an murɗa su bibbiyu. Gudun megabit 100 sili huɗu kawai yake buƙata, na 1000 kuwa sai duk takwas ɗin sun kama. Idan ɗaya daga cikin ƙarin huɗun ya tsinke, na'urorin biyu sukan sasanta su sauko 100 ba tare da sun gaya wa kowa ba. Shidan da suka ɓace daga ɗarin kuma kuɗin dako ne, wato adireshi da bayanan da ake liƙa wa kowane ƙunshin saƙo.

Ya datse kan, ya jera silin bisa launinsu, ya matse sabon kai. Gwaji na gaba 190 da wani abu. Ya ƙara min da cewa in kebul bai da laifi, a sauya ramin da ake soka shi a jikin rauta, sannan a duba rubutun ƙasan akwatin, domin akwai masu arha da ramukansu 10/100 ne tun daga masana'anta, wato ba sa haura megabit 100. Kuma kada tsawon kebul ya wuce mita 100.

To, ga inda nake so mu tattauna. Aikin wannan akwati, wato rauta, shi ne ya tsaya tsakanin gida da waje, ya ba kowace na'ura adireshinta, saƙo ya zo ya duba na wa ne ya miƙa masa, na fita kuma ya ɗora shi a hanya.

Da na fara neman sunan, wani Malam ya kawo "madugu", kuma raina ya so ta. Madugu ne ke zaɓar hanyar ayari a zamanin da fatakenmu ke zuwa Gwanja sayo goro, zaɓen hanya kuwa shi ne asalin ma'anar kalmar Turancin. Sai dai, Allah gafarta Malam, madugu tare da kaya yake tafiya. Wannan kuwa a kan kantar shago yake zaune, kaya ne ke ratsa shi.

An ce "ɗan kamasho". A'a.

"Na'urar rarraba intanet" daidai ce, ita ce ma za ka ji a rediyo, amma ba wanda zai tsaya a kasuwar waya ta Farm Centre yana ciniki da kalmomi uku. Zai koma "rauta" nan take. Ban kuma raina aro ba, ai kwamfuta da mota duk baƙi ne da suka zama 'yan gari. Matsalar "rauta" ita ce ba ta gaya wa mai shago irina komai game da aikin abin.

Shi ya sa na koma ga yadda Hausa ke ƙera sunayenta. Wurin aiki yana ɗaukar ma- a gaba da -a a ƙarshe: rina ta ba mu marina irin ta Ƙofar Mata, jima ta ba mu majema, rarraba ta ba mu mararraba. Kayan aiki kuwa da -i suke ƙarewa: mabuɗi, madubi, ma'auni, marufi. To in mararraba ce wurin da hanyoyi ke rabuwa, abin da ake raba hanyoyin da shi ai mararrabi ne. Namiji, jam'insa mararrabai, kamar mabuɗai. Wanda bai taɓa jin kalmar ba ma zai hango hanya ɗaya ta shigo, da yawa sun fita.

Ku gwada a baki: "Laifin ba na mararrabi ba ne, kebul ne." "Kashe mararrabin ka sake kunnawa." "Mararrabin nan ramukansa ɗari-ɗari ne."

Wata 'yar'uwa ta yi gyara mai nauyi, cewa akwai wani akwatin da ake ƙara ramuka da shi, wanda masu gyara ke kira suwic, shi ma ai rarrabawa yake. Gaskiyarki, Hajiya. Amma shi cikin gida kawai yake haɗa na'urori, ba ya fitar da kowa waje, don haka ina ganin "mahaɗi" ta dace da shi.

Malamanmu na Cibiyar Nazarin Harsuna ta Jami'ar Bayero, da masu sana'ar, ku ne da wuƙa da nama: akwai karin harshen da mararrabi ta riga ta zama sunan wani abu dabam? Sannan ƙaramin akwatin da layin kamfani ke shiga, shi har yanzu ban samo masa suna ba.