Neman kalma: me za mu kira tukunyar da ta lallasa mini bandar gada?

Jama'a, suna nake nema. Tun jiya nake son rubuta muku yadda na dafa bandar gada da kawuna ya aiko mana daga wajen Yabo, amma na maƙale tun layin farko, don ban san abin da zan kira tukunyar da na dafa ta a ciki ba. Turawa na ce mata pressure cooker. Mai shagon da na saye ta a babbar kasuwa "furesha kuka" ya ce mini, ni kuwa in na ji kuka, ko dai miya nake hangowa ko yaro da majina.

Bari in faɗi aikinta tukuna, don masu ba da suna su san abin da suke raɗa wa. Duk wadda ta taɓa dafa naman daji ta san ba na rago ba ne. Gada ba ta kwana a turke tana cin dusa, kullum cikin gudu take, jikinta tsoka ce da jijiya, kitse kuwa sai an nema da fitila. Ga shi an kyafe ta a hayaƙi har ta koma kamar icen ƙirya. A murhu, irin wannan sai a ci itace tun hantsi har la'asar, in an gaji a jefa kanwa, romo ya yi baƙi, ɗanɗanon dajin ya gudu.

Ni jiƙa ta na yi da ruwan zafi kamar awa ɗaya, na wanke toka da yashi. Na soya albasa da tafarnuwa a man gyaɗa don in rama mata kitsen da ba ta da shi, na sa citta, masoro, kanumfari da daddawa, ruwa iya wanda ya sha kan naman. Na murɗa marfi ya kulle. Minti 45 bayan ta fara ƙara na kashe gas, na bar ta ta sauka da kanta. Da cokali na riƙa yanka naman nan, romon na danƙo a leɓe kamar na ƙafar sa.

Ba tsafi ba ne. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 ko da za a tura mata icen dajin Gundumi kaf, duk zafin da ya ƙaru tururi yake zama ya tashi. Ita wannan marfinta na da zoben roba da ke hana tururin fita. Sai ya taru ya danne ruwan, ruwan ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa, kuma wannan ƙarin ne ke narkar da jijiya da wuri. Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera ta farko a Landan a 1679, shi ma abin da ya yi alfahari da shi ke nan: tana lausasa ƙashi.

To, bisimilla. Ina sauraro.

Na dawo, na karanta duka sunayen da kuka kawo, wasu har sai da na dafe ciki.

Masu cewa "tukunyar matsi" ku ne kuka fi yawa, kuma a fassara kun yi daidai, Larabawa ma hanyar da suka bi ke nan. Amma a garin nan, mace ta shiga kasuwa ta ce tana neman ta matsi, ku da kanku kun san layin da za a nuna mata, kuma ba na masu tukwane ba ne. Ko an tsallake wannan, matsi a bakin mutane yanzu na aljihu ne.

"Tukunyar fito", don ƙarar da take yi: malam, ka manta fito sunan giyar dawa ne? Ba da ni za a yi wannan ba.

Wata 'yar uwa da ke aure a Ƙonni ta ce can "kokot minit" suke cewa, daga Faransanci, sai ta kawo "tukunyar minti". Na so shi, yana da daɗin faɗi, sai dai yarana za su zata alewa ake dafawa. "Tukunyar sauri" ma ba laifi, amma ba ta faɗi komai a kan tukunyar ba, gas ma sauri ne a kan gawayi.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne "tukunyar tururi". Da farko na ce an gama. Da na kwana da shi sai na tuna madambaci. Tururi ne ke dafa dambu da alkubus, amma can ratsa abinci yake yi ya wuce abinsa, nan kuwa tsare shi ake yi. In muka ba wannan sunan tururi kawai, wata za ta ɗauka tukwanen biyu jirgi ɗaya ya kwaso su, alhali ɗaya za ki iya ɗaga mata marfi ki leƙa, ɗaya kuwa in kin gwada sai dai a yi miki sannu.

Wani malami ya tambayi yadda za mu fassara venison, sunan da Turawa ke kiran naman dabbar da suke ce wa deer. Wannan ba ya buƙatar taro. Dabbar da Turawa ke nufi ba ma da ita a dajinmu, masu fassara ne ke aron barewa. Asalin kalmar kuma daga Latin take, daga farauta, da can duk naman da aka harbo haka suke kiransa. Ke nan naman daji ko naman farauta ya wadatar.

Sunan da na tsaya a kai ba daga nan ya fito ba, ashe yana cikin gidanmu ban kula ba. Satin da na sayo tukunyar na ɗora wake, na cika ta fiye da rabi (kuskure na farko, wake kumfa gare shi). Ina gaggawa, na sa cokali na ɗage ɗan ƙarfen nan da ke rawa a kan marfi wai don ta yi saurin sauka. Ruwan wake ya yi tsiri har silin, ya sauko mini a wuyan hannu, tabon na nan. Inna, uwar maigida, na zaune bakin ƙofar kicin da tazbaha, ko motsi ba ta yi ba, cewa kawai ta yi: "Ke ɗiyag ga, abin da ka huci ba a taɓa shi sai ya huce." Tun ranar ba ta da wani suna gare ta sai mai huci. Ran da bandar ta iso ma haka ta ce: "A sa ta ga mai huci, haƙorana ba su iya wanga aiki."

Ku duba shi da kyau. Huci shi ne ainihin ƙarar da take yi, irin ta kumurci in an taka shi, kuma huci iska ce mai zafi, ga tururin ya shigo. Sannan huci da huce 'yan gida ɗaya ne, duk wadda ta ji sunan ta riga ta ji dokar. Madambaci ba ya huci, tukunyar ƙasa ba ta yi.

Na yarda da malamin da ya ce littafin makaranta na buƙatar sunan da ke bayyana kimiyyar, a can a rubuta "tukunyar matsin tururi", tururin ya wanke matsin daga zargi. Amma ni a girkina "mai huci" zan riƙa rubutawa, jam'i masu huci. Mai adawa ya zo da wanda ya fi shi.

Mai tambayar minti nawa za a ba zomo: kada ki ba shi mintin gada, 15 zuwa 20 ya ishe shi a mai huci, in ya wuce haka fate za ki kwashe.