Na auri ƴar Filifin a Saudiyya, ya ake samun takardar zama a ƙasarsu?

Bakano_a_Jidda

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman shawarar wanda ya san harkar zama a Filifin da kansa, ba wanda ya ji a bakin wani ba. Ni ɗan Najeriya ne ina aiki a Jidda, matata ƴar Filifin ce, musulma ce ƴar ƙabilar Maguindanao daga wajen Cotabato, aikin nas take a wani asibiti a nan. An ɗaura mana aure a nan Saudiyya muna da takardar kotu da komai, Allah ya ba mu ɗiya ɗaya. To yanzu kwantiraginta ya kusa ƙarewa kuma ta ce ba za ta sabunta ba saboda mahaifiyarta jiki ya ƙi daɗi kuma ita ce babba a gidansu, ni ma gaskiya na gaji da zaman iƙama da kafili, so muke mu tattara mu koma can.

Wani abokin aikinta ya ce min ai abu ne mai sauƙi, wai akwai biza da ake ce wa 13a, da zarar ka auri ƴar ƙasa shi kenan za a ba ka zaman dindindin. Shin haka ne? A nan Jidda zan nema ko sai na shiga ƙasar? Kuma takardar aurenmu ta Larabci ce, za su karɓa? Sai maganar ƴar tamu, ita ma biza zan nema mata? Na gode.

Dan_Davao

Wa alaikumussalam. Malam Bakano sannu da ƙoƙari, Allah ya ba surukarka lafiya. Abokin aikin matarka bai yi ƙarya ba amma rabin zancen ya gaya maka.

13a ɗin nan sashe ne na dokar shige da ficensu ta 1940, sashe na 13 sakin layi na a, shi ya ba mijin ko matar ɗan ƙasa damar zama. Farko ana ba ka na gwaji shekara ɗaya, kafin ya ƙare sai ku sake shigar da takardu a mayar da shi na dindindin. Har nan daidai ne. Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ta ginu a kan ramuwa, wato ba sa ba ka sai in ƙasarka ita ma tana ba ƴan Filifin irin wannan damar. Hukumar shige da ficensu, BI, tana da jerin ƙasashen da ta amince da su, kuma in ka duba Najeriya tana ciki amma an rubuta "mata kawai" a gabanta. Haka Saudiyya ma, haka Malesiya da Indunusiya. Ma'ana ƴar Najeriya da ta auri ɗan Filifin za ta samu 13a, ni da kai maza kuwa a'a.

Kuma kar ka ga laifinsu, daga gidanmu abin ya samo asali. Kundin tsarin mulkinmu na 1999 sashe na 26 ya ce macen da ta auri ɗan Najeriya za ta iya rajistar zama ƴar ƙasa, bai ambaci namijin da ya auri ƴar Najeriya ba. To su ma sai suka auna mana da mudun da muka auna musu.

Abin da ya rage mana shi ne TRV, bizar zama ta wucin gadi ta hanyar aure. Ita nake da ita. Ana fara ba ka shekara ɗaya sannan ka riƙa sabuntawa, za ka zauna lafiya da iyalinka, za ka samu katin baƙi wanda suke ce wa ACR I-Card, za ka fita ka dawo, bambancin kawai ba ta zama ta dindindin, kullum kana da ranar da za ta ƙare a kanka. Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne da na 13a. Kafin ka kashe ko sisi ka buɗe shafin BI ka duba jerin da idonka, ita ma madam ta duba, dan kar wani ejan ya karɓi kuɗinka da sunan zai fitar maka da 13a.

Maman_Iman

Dan_Davao ya faɗi gaskiya, ni shaida ce ta ɗaya ɓangaren. Mijina ɗan Filifin ne daga Zamboanga, ni ƴar Kaduna, kuma 13a aka ba ni, na gwaji tukuna daga baya na dindindin. Amma ɗan uwa ni abin da zan ja kunnenka a kai ba sunan bizar ba ne, takardar auren ce, nan ne mutane suke maƙalewa wata da watanni.

BI ba ruwanta da takardar kotun Jidda komai kyan hatiminta. Abin da suke so su gani shi ne takardar aure da ta fito daga PSA, hukumar ƙididdigarsu, ita ke riƙe da rajistar haihuwa da aure da mutuwa na duk ƙasar, ana buga ta a kan wata takarda ta musamman mai tsaro. Tunda a waje kuka yi aure, hanyar da aurenku zai shiga PSA ɗaya ce, matarka ta kai rahoton auren ofishin jakadancinsu da ke kula da inda aka ɗaura, ku kuma ƙaramin ofishinsu na nan Jidda ne. Za a fassara takardar Larabcin, ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya ta buga mata hatimi, ku cike fom, su kuma su tura Manila ma'aikatar harkokin wajensu ta miƙa wa PSA. Wannan tafiyar tana cin watanni, ba abin da za ka yi ka gaggauta ta. In auren ya wuce shekara ba ku kai rahoto ba akwai ƙarin takardar rantsuwa da za ta yi ta bayyana dalilin jinkiri, ba wani tashin hankali ba ne amma ƙarin aiki ne.

Dan haka tambayi madam yau ɗin nan, ta kai rahoton ko ba ta kai ba? Da yawansu ba sa kaiwa, suna ganin tunda an ɗaura a musulunce an gama. In ba ta kai ba ku yi shi tun kuna Jidda kafin iƙamarta ta mutu, dan in kuka bar ƙasar sai kun bi ta Manila ana aika takardu baya, wahala biyu kenan.

Sannan ku zauna ku duba rubutun suna harafi da harafi. Mu Hausawa mun saba Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Muhd a wani wajen, ba mai damuwa. Can ba haka ba ne, harafi ɗaya ya bambanta tsakanin fasfo da takardar aure sai a ce ka kawo takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, kuma mai fassara daga Larabci yana iya rubuta sunanka yadda ya ga dama in ba ka tsaya a kansa ba. Ka ba shi fasfo ɗinka ya kwafa daga ciki. Su kuma suna da abin da suke kira sunan tsakiya wanda a wajensu sunan gidan mahaifiya ne, ba sunan uba ba kamar yadda muke sa wa, ka lura da wannan gurbin a fom.

Ƴarku kuwa ba ta buƙatar biza in kun yi abin da ya dace. Tsarin mulkinsu na 1987 jini yake bi, uwa ko uba in ɗaya ɗan ƙasa ne lokacin haihuwa to yaron ɗan ƙasa ne. Ku kai rahoton haihuwarta a wannan ofishin dai ku nema mata fasfo ɗin Filifin, ta shiga a matsayin ƴar gida.

Alhajin_Kwari

Ni dai tambayata, me ya hana ka kawo ta Kano? Ka bar zaman kafili ka koma zaman da matarka ce kafilinka, to me aka yi kenan. Gobe in kuka samu saɓani fa? Ba fata nake ba wlh, amma aure ai ba a rasa ƴar hatsaniya.

Dan_Davao

Alhaji maganarka da ɗaci amma akwai gaskiya a ciki, ban so in ɓoye masa. Ko 13a ko TRV duk a kan auren suke tsaye, matar ce mai nema maka, wasiƙar da ake kai wa kwamishinan BI ma tare kuke sa hannu, ranar da aka kira ku zaman tantancewa tare za ku je a tambaye ku. In aure ya mutu ginshiƙin bizar ya tafi. Amma shi ya ce uwar matar ba lafiya, ba ka ce wa mace ta bar mahaifiyarta kwance a Cotabato ta zo Kano ba ai. Kuma ga musulmi can akwai tsari, dokar da shugabansu na lokacin, Marcos, ya sa wa hannu a 1977, PD 1083, ta amince da aure da saki da gado na musulmi, akwai kotunan shari'a a Mindanao, yankin kudu inda Cotabato take. Sauran ƴan ƙasar kam ba su da saki a doka sai dai kotu ta rushe auren, wanda ke cin kuɗi da shekaru. Shi ya sa duk wanda zai auri ƴar can nake ce masa ya fara neman takardar CENOMAR daga PSA, ita ke nuna ba ta da wani auren a rajista. Kai Bakano ka wuce wannan matakin, na faɗa ne saboda masu karatu.

Bakano_a_Jidda

Allah ya saka muku da alheri. Maman Iman kamar kin sani, na tambaye ta, ba ta kai rahoton auren ba, na haihuwar ma haka. Gobe in sha Allah za mu fara da fassarar. Alhaji na ji, Kano tana nan ba inda za ta, amma yanzu dai tsohuwa ta fi buƙatarmu. Dan_Davao to ya zan shiga ƙasar tun farko? Madam ta ce akwai wani abu balikbayan da ake ba mijin ƴar ƙasa shekara ɗaya kyauta a filin jirgi in sun sauka tare. Kuma in na samu TRV ɗin zan iya aiki ko buɗe ɗan shago? Ina da ɗan abin da na tara, ina tunanin sayen fili mu gina.

Dan_Davao

Balikbayan gaskiya ne akwai shi amma na ƴan ƙasashen da ke shiga Filifin ba biza ne, mu masu koren fasfo ba ma ciki, kar ka hau jirgi da wannan tunanin, tun a Jidda ma ba za su bar ka ka hau ba. Bizar ziyara za ka nema, 9a, a ofishinsu na nan da iƙamarka tun tana da rai, in ka shiga sai ku nemi a juya ta zuwa TRV a BI. Babban ofishinsu yana Intramuros a Manila amma suna da rassa a Cebu da Davao da wasu garuruwa, ka tambayi na kusa da ku ko suna karɓar irin wannan. Muhimmin abu, duk tsawon lokacin da kake jiran amsa ka ci gaba da sabunta bizar ziyarar, shigar da takardu ba ya tsayar da agogo, in ta ƙare tara ce ke hawa kanka.

Abin da za ka haɗa, wasiƙar ku biyu, fom ɗinsu da ake ce wa CGAF, takardar aure ta PSA, takardar haihuwar madam ita ma ta PSA, fotokofin fasfo ɗinka da shafin da aka buga maka shiga, takardar wankewa ta BI ɗin kanta. In ka kai wata shida a ƙasar kafin ka nema sai ka ƙara da ta NBI, masu binciken laifi, za su ɗauki hoton yatsunka. Ka taho da katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, dan mu ana tura mu hukumar killace masu cuta su duba lafiya su ba da takarda. Duk wata takarda da za ka kawo daga gida kuma ka sani Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar afostil, wadda ke sa a karɓi takarda a ƙasar waje da hatimi ɗaya, su Filifin sun shiga tun 2019, saboda haka tamu sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja sannan ofishin jakadancin Filifin na Abuja ya tabbatar. Ka sa wani ɗan uwa ya yi maka wannan tun yanzu. Kuma ka sayi fayil biyu ka yi fotokofin komai da yawa, har rasit kar ka yar da ko ɗaya, gaba za a tambaye ka shi.

Bayan ka samu, kowace shekara cikin kwana 60 na farko akwai rahoton shekara da duk baƙo mai kati yake yi, kuɗin peso 310 ne, ba yawa amma in ka manta tara ce. In za ka fita ƙasar kuma akwai takardar izinin fita da dawowa da ake biya, ka sa shi a lissafin tikiti.

Aiki za ka iya, masu bizar aure an ɗauke musu izinin aikin da ake nema wa sauran baƙi, sai dai ka je ma'aikatar ƙwadago su ba ka takardar shaidar hakan. Shago kuwa ka yi a hankali, ƙaramin kasuwancin sayar da kaya ɗai-ɗai doka ta keɓe wa ƴan ƙasa, baƙo sai mai babban jari, shi ya sa za ka ga duk da sunan matan ake rajista.

Maman_Iman

Fili ma haka ne ɗan uwa, baƙo ba ya mallakar ƙasa a Filifin, ko ni mai 13a ta dindindin ban isa ba, tsarin mulki ne ya hana. Sunan madam ne zai hau takardar. Abin da baƙo zai iya saya da sunansa shi ne ɗaki a dogayen benayen nan da suke ce wa kondo, shi ma in rabon baƙi a ginin bai wuce kashi 40 cikin ɗari ba, kuma wannan harkar Manila da Cebu da Davao ce, ba ƙauyen surukarka ba. Ni shawarata kar ka zuba duk abin da ka tara a shekarar farko, ku kama haya ko ku zauna a gidan tsohuwa ka ga yanayin wurin da dangin tukuna, dan can ma in an ji ka dawo daga Saudiyya kowa zai zo gaisuwa da buƙatarsa. In kun je ofishin na Jidda ku nemi a yi rahoton auren da na haihuwar rana ɗaya, na auren ake fara shigarwa dan sunanka ya hau takardar yarinyar daidai.