Yaya zan gane ko wayar da aka sayo daga waje za ta kama sabis ɗin layina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan za a sayo waya daga wata ƙasa, yaya ake tabbatarwa tun kafin a biya kuɗi cewa za ta yi aiki da layin da mutum yake riƙe da shi? A jikin kwali an rubuta 4G da 5G, mai sayarwa kuma ya ce a buɗe take. Wannan ya wadatar?

Injiniyan sadarwa:
Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, malam. Buɗaɗɗiyar waya za ta karɓi sim ɗin kowane kamfani, amma karɓar sim daban, jin ƙarfen sabis daban. Kowane kamfani yana aiki ne a kan zangunan mita (bands) da hukumar sadarwa ta ƙasarsa ta ba shi lasisi, ita kuma waya ba ta jin kowane zango sai wanda aka ƙera ta da shi.

Fara da lambar samfuri, kada ka tsaya ga sunan waya. Galaxy S23 Ultra suna ɗaya ne, amma SM-S918B ta yawancin ƙasashen duniya ce, SM-S918U ta Amurka, SM-S9180 kuma ta China da Hong Kong, kuma jerin zangunansu ba ɗaya ba ne. Ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton shafin bayanin waya daga cikin saiti, domin ana iya sauya kwali. Sai ka duba lambar a shafin kamfanin da ya ƙera ta ko a shafin intanet na bayanan wayoyi mai suna GSMArena, ka gwama da zangunan kamfanin layinka.

Da lambar zango za ka gwama, ba da yawan MHz ba. Zangunan 4G na B12 da B13 da B17 da B28 duk 700 MHz ake ce musu, amma wayar Amurka mai B13 ba za ta ji ƙarfen da ke watsa B28 ba. Nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Mai tambaya:
Na gode, injiniya. To idan wayar tana da B3 da B7, amma babu B20 wanda kamfanin yake amfani da shi fa?

Mai gyaran waya:
Za ta yi aiki, sai dai rabi da rabi. B3 na 1800 MHz ne, B7 na 2600. Suna da sauri, amma ba sa cin nisa, kuma bango yana raunana su. B20 na 800 da B28 na 700 su ne ke ratsa gini, su kuma kai bayan gari inda ƙarafan sabis suke da tazara. Alamar rashinsu sananniya ce: a waje 4G cike, da ka shiga ɗaki sai ta koma H+ (3G) ko E (2G), ga batir yana saurin ƙarewa saboda wayar tana ta lalube. Wayoyin da aka yi wa kasuwar China da yawansu ba su da B20. Ni dai ba zan ba da shawarar sayen wayar da ta rasa zango mai ƙarancin MHz na kamfaninka ba, komai arharta.

Kuma kada wani ya ce zai yi mata filashin ya ƙara zangon. Abin yana haɗe da matatan sigina da amfilifaya da eriyar da ke cikin wayar. Idan ba a saka su ba tun daga masana'anta, manhaja ba za ta haifar da su ba.

In kana son sanin zangon da ake amfani da shi a daidai inda kake zama, saka sim ɗin a wayar da ke aiki lafiya. A iPhone danna *3001#12345#*, a Samsung *#0011#. Idan lambar EARFCN, wato lambar tashar 4G, ta fito maimakon sunan zango, 1200 zuwa 1949 B3 ne, 2750 zuwa 3449 B7, 6150 zuwa 6449 B20. Ka gwada a cikin ɗaki da kuma waje.

Injiniyan sadarwa:
Bari in ƙara a kan na mai gyaran waya. Ko zanguna sun dace, a bincika VoLTE, wato yin kira ta kan 4G. Asalin 4G data kawai yake ɗauka, kira kuwa sai ta VoLTE ko wayar ta sauka 3G ko 2G. A inda aka kashe 3G, kamar yadda manyan kamfanonin Amurka suka yi a 2022, wayar da kamfani bai amince da samfurinta ba za ta iya buɗe intanet amma kira ya ƙi shiga. Ka tambayi kamfanin da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, wadda *#06# ke nunawa. Da ita kuma ake gane ko an toshe wayar saboda sata ko bashi.

Batun 5G, a Turai da Afirka da yawancin Asiya zangon n78 aka fi amfani da shi, wato wajen 3.5 GHz. Kamfanoni da yawa sun ɗora 5G ɗinsu a kan 4G ne, don haka dole wayar ta iya haɗa zangon 4G ɗin da n78 a lokaci guda. Sannan iPhone ɗin Amurka daga 14 zuwa sama ba su da gurbin sim, sai eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa a cikin wayar ba tare da kati ba, saboda haka ka tabbatar kamfaninka yana bayar da shi kafin ka tura kuɗi.