BitLocker ta kulle min faifai bayan canjin madabod

Assalamu alaikum 'yan'uwa, daga Nima nake a Accra. Madabod ɗin kwamfutata, wato babban allon da ke haɗa kayan cikinta, ya ƙone, wani mai gyara a Circle, nan cikin Accra, ya sa sabo. Ina kunnawa sai BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifan ajiyar bayanai, ta nemi mabuɗi mai lambobi 48. Mai gyaran ya ce makullin yana cikin guntun tsaro da ake kira TPM na tsohon madabod, shi ya sa sabon bai gane faifan ba.

Na duba asusuna na Microsoft, babu mabuɗin, dama ta hannu na saye ta. Lissafin shagonmu da hotunan auren ƙanwata duk suna ciki. Tsohon madabod ɗin yana wurina. In aka gyara shi aka mayar da faifan, zai buɗe? Don Allah masana, ku taimaka, ba na son a goge faifan.