Neman kalma: lambun da mai saye ke tsinkar tuffa da hannunsa, da tuffar da ake ce wa heirloom

Mai tambaya, daga New York: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Hausa ce ta ƙare mini a baki ranar Asabar, na zo a taimaka. Mun kwashi yara daga Bronx muka yi arewa, wajen kwarin kogin Hudson, zuwa wani lambun tuffa. A nan da zarar Satumba ta kama har ƙarshen Oktoba, masu lambu kan buɗe wa jama'a ƙofa. Za ka karɓi jaka, ka shiga tsakanin layukan bishiyoyi, ka zaɓi wadda ta yi maka ka cire da hannunka. Suna ce wa abin pick-your-own, wasu su rubuta U-pick a allo. Da dare na yi wa Inna saƙon murya, na ce mun je gonar wani mun tsinko tuffa. Ta ce, "Da izininsa dai ko?" Na ce ai biya muka yi. Ta ce, "To shi ba shi da yaran da za su tsinko muku ne?" Nan na ga ba ni da sunan abin.

Ta biyu kuma, a can ƙarshen lambun akwai wasu tsofaffin bishiyoyi da aka rubuta wa heirloom. Ɗaya sunanta Roxbury Russet, ɓawonta da kaushi, launin ƙasa-ƙasa kamar dankali, da a kasuwa na gan ta ba zan ko taya ba. Da na gutsira sai ga zaƙi da ɗan tsami da garɗi. Tun shekarun 1600 ake shuka ta a Massachusetts, ana ɗaukarta mafi tsufa cikin waɗanda suka samo asali a Amurka. Wata kuma Esopus Spitzenburg, 'yar jihar New York ce, har Thomas Jefferson, tsohon shugaban Amurka, ya dasa ta a gidansa na Monticello. Su kuma me za mu kira su?

Tsohon malamin Hausa, Zariya: Wa alaikumus salam, 'yata. Wurin dai lambu ne, kamar yadda muke cewa lambun mangwaro ko na gwaiba, wannan babu gardama. Aikin hannun ne ke son a tsaya a kansa, don Bahaushe bai haɗa su a baki ɗaya ba. Girbi na gero da dawa ne, da ƙarfe ake yi. Roro na wake da gyaɗa. Kala sai mai gona ya gama nasa. Tsintuwa abin da ya faɗo ƙasa. Kaɗowa kuwa da sanda ko jifa, aikin yaran unguwa in mai mangwaro ya tafi masallaci. Gaya mini yadda kuka yi da hannun tukuna.

Mai tambaya: Malam, sun hana jijjiga bishiya, sun hana hawa, sun kuma ce kada a fizga. Tafin hannu za ka sa ka tallabo ta, ka ɗaga sama ka ɗan murɗa. In ta nuna, da kanta za ta rabu da reshen. In ka fizga sai ka haɗo da ɗan guntun reshen da zai yi fure baɗi, ka yi wa mai lambu asarar shekara mai zuwa. Ƙaramin ɗana ya yi haka sau biyu kafin na gan shi.

Tsohon malamin Hausa: To tsinka ce. Ina ba da shawarar "tsinki-naka". Lambun tsinki-naka. Gajere ne, baki ba ya wahala.

Wani ɗan kasuwa, Maraɗi: Malam, a gafarce ni, ɗalibi ne ke magana. Ni mai saye da sayarwa ne. In na rataya allo a ƙofar garkata na rubuta tsinki-naka, kafin azahar ba sauran ko ganye, kuma ba wanda zai ba ni ko dala. Ai na riga na ce nasa ne. Bature ya san da kuɗi a ciki don ya saba da abin. Namu mutanen sadaka za su ji, ko walima. Sannan wadda ta yi tambayar mace ce. Ita tsinki-naki za a rubuta mata?

Tsohon malamin Hausa: Ka kama ni, Alhaji. Turancin na bi sawu da sawu, abin da nake hana ɗalibaina shekara da shekaru.

Wata 'yar jarida, Kano: Baba Malam, me zai hana mu bi hanyar da Hausa ta riga ta share? Muna da a-kori-kura, muna da a-daidaita-sahu. Wannan "a" ɗin ba ta san namiji ko mace ba, ba ta san ɗaya ko goma ba. Sai mu ce a-tsinka-a-biya. Kuɗin da Alhaji ke nema ya shigo, Inna ma ba za ta sake tambayar izini ba.

Mai tambaya: Yaya, ya yi mini daɗi a kunne. Sai dai inda muka je tun a ƙofa aka karɓi kuɗin jakar. Wasu lambunan ne ke bari sai ka fito su ɗora a sikeli. Ko a-biya-a-tsinka ya fi dacewa da namu?

'Yar jarida: A'a ƙanwata, kar ki juya shi. Faɗe shi da ƙarfi ki ji: "a biya a tsinka". Kamar an ce in an zo wucewa a biya ta lambun wane a tsinka. Kin koma gidan jiya, kyauta ta dawo. In biyan ya zo a ƙarshe, kunne ba ya jin komai sai kuɗi. Ko a ƙofa aka karɓa ko a sikeli, wannan tsarin mai lambu ne, ba sai suna ya ɗauke shi ba.

Tsohon malamin Hausa: Na janye nawa. Lambun a-tsinka-a-biya. Mu je ga ta biyu, ita ce mai ƙashi. Asalin heirloom a Turanci kayan gida ne da ake gada, irin tasa ko sarƙar da uwa ke bar wa 'ya. Abin da ya fara zo mini shi ne "irin gado".

Mai lambun mangwaro, Kaduna: Malam, a nan ne zan sa baki, don sana'ata ce. Kalmar iri tana da fuska biyu. Akwai iri na launi-launi, akwai iri na shukawa. In ka ce irin gado a kan dawa, kaura ko farafara, duka biyun sun hau, domin zangarniyar da kaka ya ware ya rataya ita jika ke shukawa, kuma ita ke fitowa. Tuffa ba haka take ba. Ka ci mai daɗi ka shuka ƙwayarta, abin da zai fito wata bishiya ce dabam, galibi 'ya'yanta ƙanana masu tsami, ba ruwansu da uwar. Ko ƙwayoyin cikin tuffa guda, kowace da abin da za ta haifa. Hanya ɗaya ce ta riƙe ta yadda take: ka yanko reshe daga uwar, ka aura shi a kan wata 'yar bishiya, ka ɗaure har su kama. Abin da muke yi wa mangwaro ke nan, shi ya sa muke cewa ɗan aure. Don haka in kuka rubuta irin gado, wallahi wani zai ce wa ƙanwarmu ta aiko masa da ƙwaya a ambulan, ya yi shekaru yana ban ruwa a banza. Abin da aka gada reshe ne. Waccan mai kama da dankali da ta ci, hannu ne ya miƙa wa hannu reshenta sama da shekara 300.

Wani ɗalibi, Ingila: Maganar Baba mai lambu ta tuna mini da Bramley, tuffar da ake dafawa a nan. Wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ita ta shuka ƙwayoyi a bayan gidansu a garin Southwell a 1809, aka yi dace ɗaya ta fito da kyau. Daga baya wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan a 1846. Da wani matashi mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya nemi yankan reshe a 1856, mahaucin ya ce ya yarda in za a sa sunansa. Yarinya ta shuka, mahauci ya tafi da suna. Duk wata Bramley da ke duniya yau daga reshen bishiyar nan guda ta fito. A Brogdale da ke Kent kuma akwai lambun ajiya na ƙasa mai tuffa sama da kala 2,000. Ni dai "ta gargajiya" na saba ji ana faɗa wa irin wannan.

'Yar jarida: Gargajiya ta yi faɗi, kuma ta riga ta yi nauyi da wasu kaya: maganin gargajiya, kiɗan gargajiya, sarakunan gargajiya. Mai karatu zai ɗauka tamu ce ta gida, kamar kazar Hausa a gefen ta gidan gona. Alhali tuffa ba 'yar ƙasarmu ba ce, kakarta ta daji tana duwatsun Kazakistan, sunan ma daga Larabci muka aro, mai talla a bakin titi kuma aful yake cewa. Me kuka gani game da "tuffar kaka"?

Ɗan kasuwa: Hajiya, wace kakar? Mai jika ko mai rumbu? Ita fa a watan tara da goma ake tsinkar ta, daidai lokacin da muke girbi. Kowa zai ce tuffar da ta nuna da kaka ake nufi. "Tuffar gado" ma a rubuce ba ta tsira ba, wani zai zaci wadda ake ci a kwance ce. "Ta dauri" kuwa, masu wayar da ba ta da ɗ sun saba rubuta ɗauri haka, sai a ɗauka ƙulli-ƙulli ake sayarwa.

Tsohon malamin Hausa: Alhaji yau ka zo da almakashi. To bari in gwada wadda ba za ka yanka ba. Daga "gada" muna da gadajje, gadajjiya, gadaddu, wasu su ce gadadde da gadaddiya, duk Hausa ce. Gadajjiyar tuffa. Ba a ambaci iri ba, balle a aika mutum shuka ƙwaya. Ba ta rikicewa da gadon kwana. Ta kuma faɗi abin da mai lambu ya faɗa, wato wani ya karɓa daga hannun wani. In ana son a yi wa wanda bai taɓa ji ba bayani, sai a ƙara da cewa ta kaka da kakanni ce, a cike, ba a gutsure ba.

Ɗalibi: Malam, tambaya ɗaya. Granny Smith, koriyar nan mai tsami, a 1868 ta ɓulla a lambun Maria Ann Smith kusa da Sydney. McIntosh ta Kanada tun 1811. Dukansu sun tsufa, amma suna cike da manyan kantuna. Su ma gadaddu ne? Su kansu masu kalmar ba su tsaya a magana ɗaya ba, wasu na cewa shekara 50 ta isa, wasu sai wadda ta riga yaƙin duniya na biyu.

Mai lambun mangwaro: Ɗana, ni a wurina gadaddu ne, kasuwa ce kawai ba ta yar da su ba. Sauran an bar su ne don ba sa jure doguwar tafiya, ko ba su da kyan gani, ko sai su yi 'ya'ya bana su huta baɗi, ba don sun rasa daɗi ba. Dillali ja mai sheƙi yake so wadda za ta yi wata a sito. Mu ma nan akwai mangwaron da na daina aurawa saboda ba ya kai Legas da rai, kuma ya fi waɗanda nake lodawa zaƙi nesa ba kusa ba.

Mai tambaya: Mai lambun da muka je ma ya ba mu labarin wata mai suna Baldwin. Da ita ce ta cika lambunan wannan yanki, sai tsananin sanyin 1934 ya kashe bishiyoyinta da yawa, aka maye gurbinsu da McIntosh. Ita kuwa Honeycrisp da yarana suka fi rububi, Jami'ar Minnesota ce ta fito da ita a 1991, na girme ta. Wannan ba mai ce mata gadajjiya.

Na gode iyaye, Allah ya ƙara sani. Baba mai lambu, kar ka sa rai da reshe, ba a barin a shigo da shi jirgi haka kawai, kuma an ce sai ta sha sanyi mai tsawo kafin ta yi fure. Na sake yi wa Inna saƙo ɗazu, na ce lambun a-tsinka-a-biya muka je, muka samo gadajjiyar tuffa. Ta gane sarai, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Cewa kawai ta yi, "Wato ku kuka yi masa aikin, ku kuma kuka biya lada. Allah ya kyauta. Yaran dai sun ci sun ƙoshi ko?"