A sa wa kabarin Baba alama ko a bar shi?

Baffa Sani: Salamu alaikum. Na ji kuna tara kuɗi za ku zagaye kabarin Yaya da bulo a maƙabartar Dandolo ta Kano, har da allon ƙarfe mai suna. Ni ba da yawuna ba. Hadisin Jabir yana nan a Muslim: Annabi (SAW) ya hana a yi wa kabari shafe, ko a zauna a kai, ko a yi gini a kansa.

Hadiza: Allah ya ƙara girma Baffa, ai ba hubbare za mu yi ba. Yaya Musa ne ya je ziyara bayan damina, ya yi ta dawurwura bai gane wurin ba.

Musa: Wallahi haka aka yi. Ruwa ya cinye tudun, itacen da muka kafa gara ta gama da shi. Tun mace-macen nan na Afrilun 2020 gefen ya cika maƙil, ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka wani ba. Sai wani dattijo cikin masu haƙa ne ya nuna min, shi ma da "ina jin nan ne".

Baffa Sani: To addu'a sai an gane wurin take isa? Ku je maƙabartar Baƙi'a ta Madina ku gani, wa aka rubuta wa suna?

Aminu: Baffa, a yi min afuwa, Baƙi'ar ma akwai duwatsu a kan kaburburan. Da aka binne Usmanu ɗan Maz'un, Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa, don ya riƙa gane kabarin, ya kuma binne iyalansa kusa da shi. Abu Dawud ya ruwaito. Bulon ne ni ma ban so, yana cin filin wasu.

Goggo Binta: Ku maza kuna ta ja-in-ja. Mu da ba ma zuwa, ko ina Inna take ban sani ba. Ita ma haka aka ce a bari, yau wa zai nuna min?

Baffa Sani: Dutse na yarda. Rubutu a'a.

Hadiza: Dutse nawa ne a Dandolo, Baffa? Ya za a bambance namu?

Musa: A shafa masa koren fenti. Baffa, fenti ma rubutu ne?

Baffa Sani: Kai Musa, ka kiyaye ni. Zan tambayi liman bayan Magariba.